Ɗariƙar Katolika a Ƙasar Zazzau: Zuwanta da Tsarin Mulkinta

Wanda ya fita daga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya nufi arewa, sai ya ratsa Tudun Wada, ya haye rafin Kubanni, sa'an nan ya kai Sabon Gari. A nan ne babbar majami'ar Katolika ta ke, wadda a ke kira Majami'ar Kristi Sarki, a cikinta kuwa aka kafa kujerar Bishop na Zariya. A tsarin wannan ɗariƙa kujerar ita ce alamar mulki, kamar yadda sandar girma ta ke a hannun sarki, har ma sunan da Turawa ke kiran irin wannan majami'a da shi daga kalmar kujera ya samo asali a harshen Girka. To, ga kujera mai amsa sunan Zariya, amma ba ta taɓa zama cikin ganuwar Zariya ba, haka kuma Turawan da suka share mata fage ba su kafa gida a cikin birni ba. Yadda aka yi haka ta kasance, da irin jama'ar da wannan zama na bayan ganuwa ya haifar, abu ne da ya cancanci a bi diddiginsa, gama a cikinsa a ke ganin tarihin Katolika na Nijeriya ta Arewa kusan gaba ɗayansa.

Farkon yunƙurin Katolika na shiga ƙasar Hausa ta hamada ya biyo, tun kafin a yi zancen hanyar teku. A shekara ta 1622 Paparoma Gregory na 15 ya kafa wata ma'aikata a birnin Rum mai suna Propaganda Fide, aikinta kula da yaɗa addini a ƙasashen da coci bai kafu ba. Wajen farkon ƙarni na 18 sai labari ya riƙa isa kunnen firistocin da ke zaune a Tarabulus, mabiya tafarkin Waliyyi Faransis, cewa wai akwai Kirista a ƙasar Kwararrafa, kudu da Barno, har an ga masu alamar gicciye. Aka naɗa wani firist mai suna Carlo Maria, mutumin Genoa, shugaban aikin Barno. A 1710 ya tashi daga Tarabulus tare da abokin tafiyarsa Severino, suka bi ayari ta Fezan zuwa Agadas, daga can suka gangaro Katsina. Ba su kai Barno ba, balle Kwararrafa. Cuta ta kama su, dukansu biyu suka mutu a Katsina a 1711. Babu wata jama'a da ta tsiro daga tafiyarsu, labarinsu kuwa ya kwanta cikin takardun Rum, har masanin tarihi Richard Gray ya baje shi a 1967.

Ta bakin teku ma an yi irin wannan faɗi-tashi. Firistocin Fotugal sun je Bini a farkon ƙarni na 16, daga baya suka sami karɓuwa a fadar Warri, amma abin bai wuce fada ba, ya kuma dusashe. Cocin da ke nan yau daga ƙarni na 19 ya taso. A 1856 Bishop de Marion Brésillac ya kafa ƙungiyar SMA a birnin Lyon na Faransa domin aikin Afirka kaɗai. Shi kansa shawara ta kashe shi a Freetown a 1859, makonni kaɗan da saukarsa, amma mutanensa suka ci gaba, suka zauna a Dahomai, suka zauna a Ikko, a 1884 kuma suka buɗe gida a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Lakwaja ba ta yi musu albarka ba, suka mai da cibiyarsu Asaba. A ƙarshen 1885 wata ƙungiyar dabam, ta firistocin Ruhu Mai Tsarki, ta sauka Anaca a ɗaya hayin kogi. Kada a raina wannan sauka ta Anaca a tarihin Zazzau, domin jikokin waɗanda aka yi wa baftisma a can su ne suka fara cika majami'ar Sabon Garin Zariya.

Sa'ad da Turawan Ingila suka ci ƙasar Hausa sai sha'anin Mishan ya koma hannun masu mulki. A watan Maris na 1903 Gwamna Lugga ya tsaya a Sakkwato ya yi alkawari cewa Gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba. Alkawarin a bakinsa gajere ne, amma gwamnonin da suka biyo bayansa da Razdan-Razdan na larduna suka faɗaɗa shi har ya zama katanga: ba a barin Baturen Mishan ya zauna a ƙasar sarkin Musulmi sai da yardar sarki, yardar sarki kuwa ta bakin Razdan a ke jin ta. Dalilansu ba ɓoyayyu ba ne. Sojan da ke hannunsu kaɗan ne, tawayen Satiru na 1906 kuma ya nuna musu abin da wa'azi ɗaya ke iya tayarwa. Mulkin da suka zaɓa a kan ƙimar sarakuna ya dogara, sarkin da aka kafa majami'a a ƙofar gidansa ba da son ransa ba kuwa ƙimarsa ta zube. Akwai dalili na uku wanda ba su cika faɗinsa a fili ba, watau ƙyamar da suke yi wa baƙin mutum ɗan makarantar Mishan, wanda suka gani a Ikko yana rubuta jarida yana ja da Gwamna. Ba su so a haifi irinsa a Arewa.

Duk da haka Zariya ta fita dabam, gama ita kaɗai ce cikin manyan biranen Hausa da Mishan ya zauna cikin ganuwarta. Amma ba na Katolika ba ne, na CMS ne, watau Angilika. A 1900 Bishop Tugwell da mutum 4 suka biyo ta Zariya, Sarki Kwasau ya karɓe su, suka wuce Kano, Sarki Alu ya sallame su ba shiri, suka komo suka yi zango a Girku. Ɗayansu, Likita Mila, ya nace. A 1905, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi, ya tare a Durumin Maigarke cikin birni, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Mila ya ji Hausa ƙwarai, aikinsa ne ya zama ginshiƙin Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. A gidansa ne kuma 'ya'yan Isawa suka sami makaranta, watau zuriyar almajiran Malam Ibrahim wanda aka kashe a Kano a ƙarni na 19 saboda koyarwarsa game da Annabi Isa. Amma zaman bai yi daɗi ba. Mila mutum ne mai kaifin baki, yana kai ƙarar hakimai, yana kai ƙarar sarki, yana sukar Razdan, har fada da bariki duka suka gaji da shi. A ƙarshe aka daidaita kan Mishan ya fita, wajen 1929 ya koma Wusasa a gindin dutsen Kufena, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sosai. Mutanen birni, su ma, ba su rasa hujja ba. Gari ne na malamai, ga Juma ga Kona inda almajirai ke tahowa daga nesa neman ilmi, ga masallacin Juma'a da Babban Gwani ya gina tun zamanin Sarki Abdulkarim. Wanda ke da nasa littafi da nasa malamai ba ya ganin kansa mabuƙaci.

Firistocin Katolika ba su nemi bin sawun Mila ba. Suka nufi inda ƙofa ta ke a buɗe. Ran 12 ga Fabrairu 1907 firistoci 3 na SMA, Oswald Waller da Joseph Mouren da Ernest Belin, suka isa Shendam a ƙasar Ankwe, arewa da Binuwai, wannan rana kuwa ita ce Katolikan Arewa ke ƙidaya tarihinsu daga gare ta. Shekarun farko noma ya fi wa'azi yawa, masu karɓar baftisma kaɗan ne. Da an bar Katolika da Shendam kaɗai, da an daɗe ba a ji ɗuriyarsu a Zazzau ba.

Jirgin ƙasa ne ya kawo su. Da dogo ya ratso daga Baro ya biyo ta Zariya ya kai Kano a 1911, sai ma'aikata suka kwararo daga Kudu: akawuna, da masu buga waya, da direbobin jirgi, da kafintoci, da yaran kamfanonin auduga da gyaɗa, Yarabawa da Ibo da mutanen Saliyo da na Gwalkwas. Gwamnati ba ta yarda su zauna cikin birni ƙarƙashin alkali ba, su ma ba su so ba, sai aka yanka musu Sabon Gari kusa da tasha. Baƙi Musulmi 'yan Arewa aka ba su Tudun Wada, Turawa suka keɓe a bariki da fili tsakaninsu da kowa. Cikin waɗannan baƙi akwai Katolika, kuma su ne suka fara tara kansu ran Lahadi tun ba su da firist, wani akawu ya ja musu addu'a. Firist ya riƙa zuwa a jirgi jefi-jefi, ya ji iƙirarin zunubi, ya ɗaura aure, ya yi wa jarirai baftisma, ya wuce tasha ta gaba, har daga baya aka sami mai zama. Ya kamata a lura da wannan jeri, domin littattafan Mishan sukan fara da sunan Bature, alhali jama'a ce ta riga limami zuwa. Ibadarsu da Latin a ke yi, wa'azi da Ingilishi ko harshen Kudu, saboda haka a idon Bazazzagi wannan addini kayan baƙi ne, kamar kwat da malafa, bai shafe shi ba. Mutane suka riƙa kiran firist Fada, daga kalmar Ingilishi mai ma'anar uba, sunan kuwa ya bi shi har yau.

A nan ya dace a tsaya a bayyana yadda Rum ke girmar da ƙasa, gama ba a wayi gari a naɗa bishop ba. Hawa-hawa a ke yi. Da fari a kan yanka yanki a danƙa wa ƙungiyar Mishan guda, a sa wani firist daga cikinta ya riƙe shi da sunan Paparoma, ba tare da an yi masa naɗin bishop ba. Wannan ita ce ƙasar riƙo. In jama'a ta ƙaru, wani lokaci a kan naɗa bishop amma a matsayin wakilin Paparoma, ƙasar ba tasa ba ce tukuna. Sai an ga coci ya tsaya da ƙafarsa a ke mai da ita dayosis, inda bishop ke mulki da sunan kujerarsa. In dayosis-dayosis suka yi yawa a haɗa su lardi guda, a ɗaukaka ɗaya ta zama ta babban bishop. Haka aka bi da Arewa. A 1911 aka yanke ƙasar riƙo mai cibiya a Shendam, Waller na riƙe da ita. A 1929 aka sake mata suna ta koma ta Nijeriya ta Arewa, a 1934 kuma aka raba ta biyu, Jos da Kaduna, Zariya ta faɗa ɓangaren Kaduna a hannun Thomas Hughes. A wannan lokaci firistocin Ailan sun maye gurbin na Faransa. John McCarthy ya karɓi riƙo a 1943. Rum ta kafa cikakken tsarin bishop-bishop a Nijeriya a 1950, da Ikko da Anaca a kan gaba. Kaduna ta zama dayosis a 1953, shekarar da aka yanke Sakkwato aka ba firistocin Dominik na Amurka, a 1959 kuma ta zama kujerar babban bishop, shekara guda kafin mulkin kai. Zaɓen Kaduna a kan Zariya ba abin mamaki ba ne: can Gwamna ya ke, can mahaɗar jirgi ta ke, ba kuma sarkin yanka a ciki da za a nemi izninsa.

Bahaushe da ya dubi wannan tsari ba ya rasa ganin kamar sarautar gargajiya ce, kwatancen kuwa yana da amfani muddin an san iyakarsa. Bishop a ƙasarsa kamar sarki ya ke. Shi ke raba ta gunduma-gunduma, kowace da majami'arta, ya tura Fada ya zauna a ciki kamar hakimi, ya ɗauke shi in ya ga dama. Ƙarƙashin Fada akwai ƙauyuka masu ƙananan ɗakunan ibada, wani sa'i 20 ko fiye, kowanne da katikis, wanda ke tsaye tsayin dagaci: shi ya san kowa, shi ke koyar da masu shirin baftisma, shi ke binne mamaci in Fada na nesa. Amma kwatancen ya karye a wuri biyu. Na farko, babban bishop ba ya mulkin sauran bishop-bishop na lardinsa. Babban wa ne, yana shugabantar taronsu, amma kowannensu kai tsaye ya ke amsa wa Paparoma, kowace shekara 5 kuma ya kai rahoton ƙasarsa Rum. Na biyu, babu gado. A Zazzau gidaje 4 ke neman sarauta, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, masu zaɓen sarki kuma 'yan gari ne. A nan kuwa firist ba ya aure, saboda haka ba ɗa ba jika, jakadan Paparoma ne ke bincike a asirce ya aika da sunaye 3, Paparoma ya zaɓa. Wanda aka naɗa kuma ba sai mutuwa ba, da ya cika shekara 75 dole ya miƙa takardar murabus.

Inda Katolika suka sami jama'a 'yan ƙasa shi ne kudancin Lardin Zazzau, tsakanin Kaje da Katab da Kadara da Ikulu da Kurama da Gwari da maƙwabtansu, waɗanda yanzu da yawansu suka koma ga sunayen da suke kiran kansu, kamar Bajju da Atyap da Adara. Nan ma ba su ne na fari ba. Mishan na SIM ya zauna a Kwoi tun 1910, daga baya ya shiga Kagoro. Amma da dogon gabas ya ratsa Kafancan a 1927 sai hanya ta buɗe, firistocin Ailan suka shigo da makamin da suka fi ƙwarewa a kai, watau makaranta. Ƙauye ya gina ɗakin jinka, Fada ya aiko da malami, ɗakin ya zama aji ran Litinin, ya zama majami'a ran Lahadi, malamin kuma shi ne katikis. Ba za a fahimci saurin karɓuwarsu ba sai an tuna da abin da ya gabata. Waɗannan ƙabilu sun sha harin bayi daga Zazzau a ƙarni na 19, da Turawa suka zo kuma suka bar yawancinsu a ƙarƙashin hakiman da Sarkin Zazzau ke turowa Kaciya da Zangon Katab da sauran gundumomi, masu karɓar haraji da aikin tilas. Makarantar Mishan ita ce hanyar da ɗan talakan nan zai koyi karanta takardar haraji, ya kuma iya rubuta ƙara. Ta haka rabon da Gwamnati ta yi, Mishan a ƙasar da ba ta Musulmi ba, sarki a ƙasar Musulmi, ya ɗora bambancin addini da na ilmi daidai kan tsohon tabon da ke tsakanin mai mulki da wanda a ke mulka. Waɗanda suka tsara abin zaman lafiya suka nufa, amma rigingimun da suka auku bayan tafiyarsu da yawa a kan wannan tabo suka fashe.

Akwai wani abin lura ga ɗaliban harshe. Ƙabilun kudancin Zazzau harsunansu sun yi yawa, Fada ɗaya ba ya iya koyon 10, sai ya kama wanda kowa ke ji a kasuwa. Ta haka Hausa, harshen hakimi da ɗan doka, ta zama harshen katikis da na waƙoƙin majami'a, coci ya zama ɗaya daga cikin manyan masu yaɗa ta a tsakanin waɗanda ba Hausawa ba. Wannan ya ƙara ƙarfi bayan babban taron Vatican na 2, wanda aka yi daga 1962 zuwa 1965, gama shi ya halatta yin ibada da harshen jama'a maimakon Latin. Kalmomin da aka buƙata kuwa an tarar da su a shirye, Musulunci ya riga ya shigo da su daga Larabci: Allah, da Annabi, da mala'ika, da addu'a, da ruhu, da tuba, da alheri. Inda aka yi ta kai-komo shi ne sunaye. Fassarar 1932 ta ɗauki Yesu ta bar Isa, ta kuma ce Kristi, wadda aka sabunta a ƙarshen shekarun 1970 kuwa ta koma ga Almasihu, wanda kunnen Bahaushe ya fi sabawa da shi. Hausar majami'a takan yi sakaci da bambancin namiji da mace a nahawu, Bakano ya ji ya ce gwaranci ne. Sai dai a tuna Zazzaganci kansa ya yi suna wajen sassauta wannan bambanci, saboda haka ba a ɗora laifin duka a kan baƙin harshe.

Makarantun ƙauye suna buƙatar malamai, malamai suna buƙatar inda za a hore su, a nan ne Zariya ta sake shigowa cikin labarin, ko da ya ke har wa yau a bayan ganuwa. Aka kafa kwalejin horon malamai ta St Enda a Basawa, aka kuma kafa ƙaramar makarantar firistoci ta St Joseph, inda yara masu niyyar zama Fada ke yin karatun sakandare kafin su wuce babbar makaranta, irin su St Augustine a Jos. A cikin waɗanda suka bi ta St Joseph akwai Matthew Hassan Kukah, wanda ya zama Bishop na Sakkwato a 2011. A Kaduna akwai kwalejin St John ta maza da Queen of Apostles ta mata a Kakuri. Waɗannan ba su daɗe a hannun coci ba. A farkon shekarun 1970 Gwamnatin Jihar Arewa ta Tsakiya ta karɓe makarantun Mishan, St John ta koma Kwalejin Rimi, ta matan kuma aka sa mata sunan Sarauniya Amina ta Zazzau.

Kafin wannan an riga an yi girgizar da ta sake kamannin majami'ar Sabon Gari. A kashe-kashen Mayu da Satumba na 1966 Ibo suka bar Arewa, bencin majami'u suka zama wayam a Zariya da Kano da Gusau. Wasu suka zaci aikin Katolika a biranen Arewa ya ƙare ke nan. Amma yaran makarantun jinka na kudancin Zazzau da Filato da Binuwai sun riga sun girma, su ne suka shigo aikin jirgi da soja da 'yan sanda da Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a Samaru a 1962, suka cike gurbin. Da yaƙin basasa ya ƙare a 1970 Ibo suka komo suka tarar ana ibada da Hausa, mata sun kafa Zumuntar Mata Katolika suna kiɗa tulu suna waƙa. Daga nan gunduma guda ta riƙa ɗaukar jama'a biyu, a yi wa waɗannan da Ingilishi, a yi wa waɗancan da Hausa. Shugabanci ma ya sauya hannu. Peter Yariyok Jatau, ɗan kudancin Zazzau, wanda aka naɗa firist a 1963, ya gaji McCarthy a 1975, ya riƙe Kaduna har 2007.

Taron Vatican ya kuma fitar da wata takarda a 1965 mai suna Nostra Aetate, wadda ta ce coci na duban Musulmi da girmamawa, ta nemi a bar gabar da ta wuce. Aiki da ita a Arewa bai zo da sauƙi ba. Da Paparoma John Paul na 2 ya zo Kaduna ran 14 ga Fabrairu 1982 ya naɗa firistoci, ganawar da aka shirya masa da shugabannin Musulmi ba ta yiwu ba, sai ya karanta jawabinsa a filin jirgin sama gaban gwamnan jiha. Sai a zuwansa na biyu, a 1998, ya gana da su a Abuja, har da Sarkin Musulmi Maccido. Tsakanin ziyarar biyu kuwa an yi tarzomar Maris 1987, wadda ta tashi a Kwalejin Ilmi ta Kafancan, aka ƙone masallatai a can, wutar ta haura Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙone majami'u da yawa a Zariya da kewayenta. A 1992 aka yi ta Zangon Katab. Bayan kowace tarzoma mutane sun ƙara ja da baya zuwa unguwar 'yan addininsu, har rabon mazauni da Turawa suka yi da doka ya koma yana yin kansa da tsoro.

Girman jama'a ya sa aka yi ta yanka ƙasar Kaduna. Minna ta riga ta fita, Kafancan ta zama dayosis a 1995, Kano a 1999. Ran 5 ga Disamba 2000 aka yanke arewacin Jihar Kaduna aka kafa Dayosis ɗin Zariya, aka ba George Jonathan Dodo, wanda aka yi wa naɗi a watan Maris 2001. Ya riƙe ta har rasuwarsa a Yuli 2022, a 2023 kuma aka naɗa Habila Daboh, shugaban babbar makarantar firistoci ta Good Shepherd a Kaduna, ya gaje shi. Da yanke Kafancan, yawancin ƙauyukan da suka zama ƙashin bayan Katolikan Zazzau ba sa cikin dayosis mai sunan Zariya. Abin da ya rage mata shi ne jama'ar Sabon Gari da Samaru da barikokin soja, waɗanda yawancinsu aiki ko karatu ya kawo su, sai kuma wata jama'a ta uku da aka daɗe ba a lissafa ta ba.

Waɗannan su ne Maguzawa, Hausawan karkara da ba su musulunta ba, mazauna gidajen gona a arewacin Zazzau da kudancin Kano da kudancin Katsina. A zamanin Turawa suna cikin ƙasar sarakunan Musulmi, saboda haka katangar nan ta rufe har da su, ko da ya ke alkawarin Sakkwato bai ambace su ba. Sai dab da mulkin kai da bayansa Mishan ya kai gare su sosai. Firistocin Dominik suka zauna a Malumfashi, aka kafa makarantar horon katikis a can, daga Zariya da Kano kuma aka riƙa shiga ƙauyukansu da rijiya da ajin yaƙi da jahilci. Wasunsu suka musulunta, wasu suka shiga ECWA ko Angilika, wasu Katolika. Matsayinsu a cikin coci dabam ya ke da na kowa, gama Hausa a bakinsu harshen uwa ce, ba su kuma da wani garin asali da za su gudu zuwa gare shi in an yi tarzoma. A watan Oktoba 2023 Paparoma Faransis ya yanke Katsina daga Sakkwato ya mai da ita dayosis, ya naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan ƙasar Malumfashi, wanda shi ne Bahaushe na farko da ya zama bishop a ɗariƙar Katolika. Kujerarsa tana Katsina, garin da Carlo Maria da Severino suka mutu shekara 312 kafin nan.